Akwatin Maganar Ƙofar Baya

Rana ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba, irin lokacin nan da mutane ke rage murya ba tare da kowa ya ce su rage ba. A gidan Injiniya komai yana inda ya saba zama. Matarsa tana kicin, tukunya na tafasa a hankali, ƙamshin albasa ya cika baranda. Shi kuwa yana falo, ya ɗora kwamfutar aiki a cinya, ko safa bai cire ba. Autarsu tana kwance a ƙasa tana zana gida da fensir, tana ta surutu ita kaɗai, don ita bakinta ba ya hutawa sai barci ya sace ta. Yayyenta maza suna makarantar kwana, saboda haka ita ce ke cika gidan da hayaniya.

Sai akwatin da ke jikin bango ya yi ƙara.

Intakom ne, akwatin magana da Injiniya ya kafa a ƙofar gidan bai daɗe ba. Baƙo ya danna daga waje, na ciki ya ji muryarsa, in ya ga dama ya danna maɓalli ƙofa ta buɗe da kanta. Tun ranar da aka kafa shi Auta ta mayar da shi nata. Ko wanka take yi ta ji ƙararsa, sai ta fito a guje da kumfa a kunne. Ran nan ma ta yar da fensir, ta jawo 'yar kujerarta, ta hau, ta kai baki.

"Waye?" in ji ta, da muryar manya da take kwaikwayo.

Sai aka ji numfashi, irin na wanda ya sha doguwar tafiya. Can sai muryar mace, ƙasa-ƙasa, ba ta tsohuwa ba, ba ta budurwa ba.

"'Yata, sanyi nake ji. Buɗe mini."

"Shigo," in ji Auta, ta danna.

Ƙofar waje ta yi ƙas, ta buɗe. Aka jira sallama, ba a ji ba. Aka jira takun ƙafa a tsakar gida, ba a ji ba. Uwar ta fito da ludayi a hannu ta leƙa. Ƙofa a wangale, titi fayau, sai karen maƙwabta can tsallake yana ja da baya ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Ta rufe ƙofar ta dawo. Auta tana nan tsaye a kan kujera, yatsanta bai bar maɓallin ba, kuma ta daina magana.

"Baban Auta, dubi yarinyar nan."

Bai ɗago kai ba. "Yaran unguwa ne ke wasa. Ki sauke ta, a kawo abinci."

Sai an san Injiniya da inda akwatin nan ya fito kafin a gane abin da ya shiga gidan.

Aikinsa tsaron layukan wani kamfani ne mai manyan ɗakunan sanyi, inda ake ajiye magunguna. A kamfanin komai a haɗe yake da waya: makullan ƙofofi, kyamarori, injinan sanyi, kwamfutocin ofis, duk wayoyinsu suna taruwa a wani ɗaki guda da ake kira ɗakin na'urori. A kowace ƙofar kamfanin kuma akwai intakom yana kallon titi, kowa ya zo wucewa yana iya taɓa shi, kuma a bayan kowanne akwai waya da ta bi bututu ta shige har wancan ɗakin. Kafin zuwan Injiniya, wani ɓarawo ya zo da rana tsaka sanye da rigar ma'aikata, ya kwance akwatin ƙofa da sukurudireba, ya zare wayar ya soka a kwamfutarsa. Yana tsugune a bakin titi amma ya riga ya shiga tsakiyar kamfani. Ya kashe injinan sanyi don mugunta, magani ya lalace, aka kori mai aikin, aka ɗauko Injiniya.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya san aikinsa. Ya ware wa akwatunan ƙofa hanyarsu daban, yadda ko an shiga ta nan ba za a isa ofis ba. Ya sa na'urar ciki ta haddace kowane akwati kamar yadda uwa ta san muryar ɗanta, in aka soka baƙon abu sai ta ƙi shi. Sannan ya sa wani ɗan ƙarfe mai tsalle a ƙarƙashin murfin kowane akwati, da an ɗaga murfin sai layin ya mutu murus, ba mai tayar da shi sai shi da hannunsa. Daga nan kai ya kumbura. Ko a gida, ko a wurin ɗaurin aure, maganarsa guda ce.

"Abin da ban sani ba, ba ya shiga. Ni ba na tambaya, yankewa nake yi."

Matarsa har ta gaji da ji, takan ce, "To mun ji, Allah ya sa kada wata rana ka yanke mu." Shi kuwa sai ya yi dariya, yana jin daɗin kansa.

Akwatin ƙofar baya ne ya ƙi ba shi lafiya. Kullum da magariba layinsa sai ya mutu, alamar an ɗaga murfi. Ya duba kyamara, ba kowa, sai bango da inuwar bishiya. Ya tayar da layin, washegari da magariba ya sake mutuwa. Manaja ya fara yi masa ba'a a gaban mutane, wai tsaron Injiniya ya rasa ɓarawo ya koma kama kansa. Wannan magana ta tsaya masa a wuya. Wata rana da yamma liƙis ya ɗauki jakar kayan aiki ya nufi ƙofar baya yana huci, mai gadi na biye da shi da tocila.

Da ya kwance akwatin sai ga rami a bayansa, ya fi yadda ya zata zurfi, bututun ya shige cikin duhu, wata iska mai ɗumi tana fitowa daga ɗakin na'urori. A cikin ramin kuma wani abu yana ɗan kuka, siriri, kamar an tashe shi daga barci.

"Yallaɓai, kamar ɗan kyanwa ne a ciki," in ji mai gadi. "Bari in samo sanda mu jawo shi."

"Wa ya gayyace shi?" in ji Injiniya.

Ya datse wayar. Ya ɗauko gwangwanin kumfar nan da ake toshe rami da ita, wadda ke kumbura ta daskare kamar dutse, ya fesa har ta cika ramin ta tumbatso. Ya ɗora farantin ƙarfe ya ɗaure da kusoshi. Kukan bai tsaya ba duk tsawon lokacin da yake tattara kayansa, sai dai yana ƙara nisa. Mai gadi ya kasa tsayawa, ya koma can bakin titi ya juya baya. Injiniya kuwa abin da ya dame shi daban ne: akwatin lafiyarsa lau, kuma irin waɗannan mutane ba sa iya jefar da na'ura mai aiki. Ya jefa shi a but ɗin mota, ya kafa shi a ƙofar gidansa. A gida kuma wa zai tsaya yin wahala? Bai sa ɗan ƙarfen ba, bai sa na'urar tantancewa ba. Ya soka waya kai tsaye, ya kira Auta ta zo ta ga abin mamaki.

Washegarin ranar da aka ce wa muryar nan ta shigo, aka fara jifa. Da rana ta faɗi sai a ji ƙwal a kan rufin kwano, a ɗan jima a sake ji, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da duk lokacin duniya. Uwar Auta ta tsinto ɗaya daga abin da ake jefowa a tsakar gida ta kawo masa. Ba dutse ba ne. Guntuwar busasshiyar kumfa ce, ruwan ɗorawa, da ɗumi a jikinta. Injiniya ya juya ta a hannu, ya gane ta sarai, ya sa a aljihu ya ce yara ne.

Akwatin kuma ya riƙa ƙara a daidai lokacin nan. In an ɗauka ba a jin komai sai siririn kukan nan. Ya zare masa wuta, ya yi ƙara. Ya kwance shi daga bango ya kulle a durowa, ya yi ƙara daga cikin durowar. Gidan ya yi nauyi. Maƙwabta suka daina aiko yara, ko mai kawo ruwa a bakin ƙofa yake ajiyewa ya wuce.

Auta kuwa ta zama wata daban. Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru, yanzu ana roƙonta ta ce uffan. Ba ta son komai sai ɗumi. A same ta ta lafe a bayan firij inda injin ke huci, ko ta rungume kwamfutar ubanta a ƙirji tana jijjiga ta kamar mai lallashin jariri. Da magariba sai ta tashi ta fuskanci bango ta yi ta karta da farce, har farcen ya kakkarye, jini ya yi layi a jikin fenti. An kai ta asibiti, aka auna, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Injiniya ya dawo gida ya sauke fushinsa a kan matarsa.

"Ke kika sangarta ta. Iskanci ne kawai, kuma zan yanke shi."

Ya tura yarinyar ɗaki ya murɗa makulli ya sa a aljihu, ya ce ba mai buɗewa sai ta yi magana. Uwar ta zauna a bakin ƙofar tana kuka ba sauti. Da ta ji motsi ya ɗauke gaba ɗaya, ta ɗauko taɓarya ta ɓalle ƙofar, ba ta ko kalli mijin ba. Auta tana kwance ta farke katifa, ta cusa soso a bakinta da hancinta har ba wurin iska, idanunta a buɗe suna kallon rufi, fuskarta ta fara canza launi. Uwar ta sa yatsu ta riƙa zaro soson gutsure-gutsure. Da yarinyar ta ja numfashi, uwar ta miƙe ta ɗauki mayafi.

"Zan je in kira Malam. In ka ga dama ka yanke ni."

Malam ɗan guntun mutum ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya yi suna wajen karatu a kan masu irin wannan lalura. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa. Ya iso da la'asar, ya zauna a falo, ya ƙi shayi, ya ce a jira lokacin da baƙuwar ta saba zuwa. Ya sa aka fito da akwatin daga durowa aka ajiye a tsakiyar ɗaki. Da haske ya fara ja da baya daga taga, ya sa uwar ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya ɗora hannu a kanta ya fara karatu, a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

Jifa ya fara a kan rufi, ya yi yawa, sannan ya tsaya cak. Jikin Auta ya sanƙare. Ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa ita ce wadda ta ce tana jin sanyi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Na ƙwanƙwasa. An tambaye ni, na roƙa, an ce in shigo. Ina laifina?"

"Yarinya ce ta ce miki. Ba ta san ki ba, ba ta yi miki komai ba."

"Nawa ma yaro ne," in ji muryar.

Idanun Auta suka juya a hankali suka tsaya a kan ubanta, wanda ke jingine da bango ya harɗe hannu.

"Muna wurin nan tun kafin a yi bangon. Aka yi gini a kanmu, ba mu ce komai ba. Muka sami rami mai ɗumi muka zauna, ba mu taɓa musu magani ba, ba mu taɓa musu ƙofa ba. Da magariba nakan ɗaga murfi in fita nema, in bar shi yana barci. Ran nan na dawo na tarar da ƙarfe. Ina waje, yana ciki. Ina jin sa yana kira na har muryarsa ta ƙare." Bakin yarinyar ya yi wani murmushi da ba nata ba. "An ce wa mutumin nan a jawo ɗana da sanda. Malam, tambaye shi abin da ya ce."

Malam bai tambaya ba. Matar ce ta juyo ta dubi mijinta, kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun da aka kawo ta gidan. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon safarsa.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma ba a biyan zalunci da ran wanda bai ji ba bai gani ba. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Jikin yarinyar ya riƙa bankarewa, uwar na riƙe da ita tana kuka, wani ƙauri ya cika ɗakin kamar waya ta kama wuta. Can muryar ta dawo, a gajiye, amma ba ta karaya ba.

"Ƙona ni. Zan fita da numfashinta a hannuna, mu ga wanda ya yi asara."

Malam ya dakata. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Faɗi abin da kike so."

"Ya buɗe bangon in ɗauki abin da ya rage. Ya mayar da akwatin inda ya ciro shi. Ya haɗa wayar yadda take, bututu a buɗe tun daga titi har ɗaki mai ɗumi. In na ɗaga murfi kada layin ya yanke. Shi ke nan. Ban nemi jini ba."

"Ba zai yiwu ba," in ji Injiniya, karo na farko da ya yi magana. "In na bar wannan layin haka, duk ɗan iskan da ke da sukurudireba ya shiga kamfani ke nan. Abin da aka ɗauke ni in hana ke nan."

"Baban Auta," in ji matarsa.

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Ka ji sharaɗi. In za ka iya, ka ɗauka da zuciya ɗaya. In ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu, mu ci gaba da karatu har inda Allah ya nufa. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka ce to da baki kawai."

Injiniya ya dubi 'yarsa, da karyayyun farce da busasshen jini a yatsu. Yana son ta, wannan ba ƙarya ba ne, hawaye ne a idonsa. Amma kan nan nasa, wanda bai taɓa yarda an fi shi dabara ba, ya riga ya fara lissafi tun kafin hawayen su zubo. Ya ɗaga hannu ya rantse.

"Na karɓa," in ji muryar. "Yadda ka yi mini, haka zan yi maka. Ba ƙari, ba ragi."

Yatsan da Auta ta danna maɓalli da shi ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Ta yi atishawa. Labulen taga ya ɗaga ya koma, ƙofar waje ta yi ƙas ita kaɗai. Yarinyar ta buɗe ido ta dubi ɗakin kamar wadda ta dawo daga tafiya.

"Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya durƙusa ya ba ta ruwa da hannunsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari ya je ƙofar baya da guduma da kurfi. Ya cire farantin ƙarfe, ya farfasa kumfar. Bai ga komai a ciki ba sai ɗan baƙin abu kamar toka, cikin tafin hannu, wata iska ta zo ta kwashe shi tun bai gama kallo ba. Ya mayar da akwatin. Sannan ya tsaya da bakin wayar a hannu, ya daɗe a tsaye.

A sana'arsu akwai wata dabara da ake yi wa ɓarayin layi. Ba a rufe musu ƙofa, sai a gina musu ɗakin ƙarya. Ɓarawo ya soka wayarsa, ya ga fitila ta kawo kore, ya ɗauka ya shiga, alhali an kai shi wani lungu ne da ba ya zuwa ko'ina. Injiniya ya ƙware a wannan, har yakan ba da labarinta yana dariya. Ita ya yi. Ya ja wayar ta ɗan shiga bututun, ya karkatar da ita zuwa wata 'yar na'ura da ba ta haɗe da komai, ya sa ƙaramin ƙwan fitila a gefenta don wurin ya yi ɗumi. Can ciki kuma, inda ido ba ya kaiwa, ya toshe bututun da ƙarfe. Fitilar akwati ta kawo kore. Ya goge hannu, ya koma gida ya ce wa matarsa an gama. A ransa yana cewa ya tsira da 'yarsa, ya tsira da aikinsa, ya kuma yi wa aljana wayo.

Aka ɗan samu kwanaki na lafiya. Jifa ya ɗauke, farce ya fara tsirowa, surutu ya dawo har uwar ta koma cewa, "Auta, don Allah ki bar kunnena ya huta," tana faɗa tana murmushi.

Wata magariba ya dawo daga aiki da ledar lemo a hannu. Tun daga tsakar gida yake jin ta a kicin tana ba uwarta labarin wata malamarsu da takalminta ya tsinke a aji. Ya yi sallama ya leƙa. Auta ta tsaya a tsakiyar kalma. Bakinta a buɗe, idanunta a buɗe, hannun da ta ɗaga tana kwatance ya tsaya a sama. Ya kira ta, ya girgiza ta, ya ɗauke ta ya rungume. Jikinta da ɗumi, zuciyarta na bugawa, amma babu kowa a idon. Ya ajiye ta ya fita a guje don ya tayar da mota a kai ta asibiti. Ƙafarsa na ƙetare ƙofar gida, yarinyar ta sauke hannu ta ƙarasa kalmar daga inda ta tsaya, ta ci gaba da labarin takalmi. Ya dawo da gudu, ta sake ɗaukewa.

Uwar ce ta fara ganewa. Ta ce ya fita, ya fita. Ta ce ya shigo, ya shigo. Ta zauna a ƙasan kicin ta ɗora hannu a ka.

Malam ya dawo ya yi karatu har muryarsa ta dishe. Yarinyar tana zaune tana wasa da zaren tabaransa, tana tambayarsa me ya sa bai sayi sabo ba. Ba abin da ya motsa, ba wanda ya amsa.

"Babu kowa a jikinta," in ji shi. "Ta ce za ta fita, ta fita. Ba ni da wanda zan yi magana da shi." Ya fito waje, ƙofar gida, inda Injiniya ke tsaye. "Kai kuma me ka yi?"

Ya faɗa masa. Malam bai zage shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya ɗauki gorarsa.

"Ka nuna mata ƙofa da fitila a kunne, ta shiga ta tarar ba ta zuwa ko'ina. Ga taka nan ta ba ka. Je ka gwada gyarawa, amma ban yi maka alkawari ba."

Ya je. Ya fasa bangon, ya zare ƙarfen, ya haɗa wayar tun daga titi har ɗakin na'urori, ya cire duk wani tsaro da ya taɓa sawa a layin. Ya riƙa zama a gindin akwatin kowace magariba, babban mutum da shi, yana magana da rami, yana ba da haƙuri. Murfin bai sake ɗagawa ba. Da masu binciken kamfani suka zo suka tarar da ƙofar baya a buɗe ga duk mai wucewa, kuma da hannun wanda aka ɗauka ya rufe ta, Manaja bai ko yi masa ba'a ba. Ya karɓi makullai ya sallame shi.

Yanzu Injiniya yana kwana a ɗan ɗakin da ke waje, jikin katangar gidan, inda da ake ajiye tayoyi da gwangwanayen fenti. Dole ce ta sa, don in yana ciki yarinyar ba ta ci, ba ta sha, ba ta ƙifta ido. Ta san uwarta, ta san yayyenta, ta san mai kawo ruwa da karen maƙwabta. In an tambaye ta babanta sai ta ce ya tafi aiki, bai dawo ba tukuna. Da yamma yakan jingina kunne da katanga ya saurari surutunta, abin da ya rage masa ke nan.

Wata magariba ya kasa daurewa. Ya zagayo ya tsaya a ƙofar gidansa, inda ramukan kusoshin akwatin suke har yanzu, ya ƙwanƙwasa da hannu. Ya ji takunta a guje, ya ji ta jawo 'yar kujerarta duk da ba abin da za ta hau ta danna.

"Waye?" in ji ta, da muryar manya.

Ya san muddin bai yi magana ba, za ta ci gaba.

"Waye ne? Mama ta ce ba a buɗe wa wanda ba a sani ba. Ka faɗi sunanka mana. Ko kai kurma ne?" Ta yi dariya, dariyar nan tata mai shiga hanci.

Ya dafa ƙarfen ƙofar da tafin hannu biyu.

"Auta, babanki ne."

Dariyar ta yanke. Ya ji fensir ya faɗi ƙasa ya gangara. Sai takun uwar, a hankali, ta zo ta tsaya a bayan ƙofar, ba ta buɗe ba.

"Don Allah ka matsa daga nan," in ji ta. "Ba ta gama cin abinci ba."

Ya matsa.